Ɓarawon Ƙafar Dama

Da safe aka buɗe siton shagon takalma, aka tarar kwalayen takalman fata masu tsada sun yi ɓatan dabo. Ba a fasa kwaɗo ba, ba a taɓa taga ba. Kafin Sajan ɗin 'yan sanda da aka kira ya iso har an yanke hukunci, kuma kamar kullum a kan marar gata ya faɗa: 'Yar Hutu ce.

Haka ake kiranta a shagon, don ɗalibar sakandare ce da ke aikin dogon hutu tana tara kuɗin shiga jami'a. Albashinta kaf yana hannun Hajiya mai shagon, ita ta roƙa a ajiye mata kada ya narke a cefanen gida.

"Ki amsa laifinki, in riƙe albashin, a rufe maganar," in ji Hajiya.

"Wallahi ba zan amsa ba, Hajiya. Da durƙuso a gaban ƙafafun mutane na same shi." Ta ƙi sunkuyar da kai.

Sajan ya fara da Baba mai gadi. "Kana da makullin sito?"

"Ni da ko na banɗaki ba a ba ni ba, Yallaɓai? Nawa gadi, da safe in taya su fito da takalman talla."

Anti mai sayarwa ta ce tana da makulli, yarinyar ma a hannunta take karɓa. Saura Manaja, ƙanin Hajiya, wanda duk aikinsa zama ƙarƙashin fanka da latsa waya. Shi ma yana da nasa.

"Yaran yanzu sai addu'a, Yallaɓai," ya ce, sannan ya juya. "Baba, kwashe min waɗancan takalman na gilashin talla da suka zama marayu, in mayar wa kamfani."

'Yar Hutu ta dubi gilashin talla, sai ta sha gaban Baba. "Ba inda za su!"

"Ke! Ba ki da kunya?" Manaja ya daka mata tsawa.

"Bar ta ta yi magana," in ji Sajan.

"Yallaɓai, masu tsadar nan wari ɗaya ne a kowane kwali, na dama. Na hagu yana gilashi. Anti ta koya min, Baba ke miƙo min, ni nake jerawa. A cikinmu wa zai saci kwalin ya bar ɗan'uwansa? Sai wanda bai taɓa durƙusawa ya gwada wa kowa takalmi ba. Ya buɗe ya ga rabin kaya, yau ya dawo neman ragowar."

Sajan ya ƙura wa Manaja ido. "Wane kamfani ke karɓar wari ɗaya? Kira su mu ji."

Wayar da ba ta barin hannun Manaja yau ta gagare shi latsawa. Da aka buɗe bayan motarsa, ga kwalayen nan a lulluɓe da tsohon bargo, duka ƙafar dama.

Hajiya ta ja yarinyar gefe, murya ƙasa-ƙasa. "Yi haƙuri 'yata. Koma bakin aikinki, maganar ta tsaya a nan."

"A'a, Hajiya. A gaban mutane aka ce min ɓarauniya, a gabansu za a wanke ni. Kuma yau nake son kuɗina."

Hajiya ta tsaya a ƙofar shago ta faɗa da ƙarfi cewa yarinyar ba ta ɗauki komai ba, har mai ɗinkin da ke makwabtaka da su ya ajiye almakashi. Sannan ta buɗe jaka.

'Yar Hutu ba ta bi ta gida ba, bankin da ake biyan kuɗin rajista ta nufa a ƙafa. Takalminta ya ci duniya, dunduniyar ta side, amma wari biyu ne, kuma nata ne.