Waƙa Ɗaya Cikin Ɗari Shida

Da la'asar sakaliya Lirwanu ya fita karɓo wayarsa daga wurin caji. Ba shi da wani aikin da ya wuce wannan. Kwana goma sha tara ke nan da ramin zinare ya rufta da yayansa Jamilu a dajin gefen Bagega, kuma tun ranar bai sake ɗaukar diga ba. In an ba shi abinci ya ci. In an ce ya matsa ya matsa. Mutane suna yaba masa haƙuri, shi kuwa ya san ba haƙuri ba ne. Babu komai ne kawai a cikinsa.

Shi ne mai riƙe igiya a ranar. Jamilu na ƙasa yana cika buhu, shi yana sama yana ja. Sai ya ɗaure igiyar a jikin turke, ya ce bari ya hau tudu ya samu sabis, ya sauke sababbin waƙoƙi. Ko rabin awa bai yi ba. Da ya dawo, babu bakin rami.

An kwana uku ana tono, ruwan damina na cika wurin, ƙasa na ƙara zubowa. Rana ta huɗu manya suka ce a bari haka, kada a ƙara rasa wani. Aka yi masa salla babu gawa.

Inna, mahaifiyarsu, ba ta taɓa tambayar gawa ba. Tambayarta ɗaya ce. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta ɗago kai ta ce, "Akwai wanda ya ji shi? Ya samu yin shahada?" Babu wanda ya ji. Tun daga nan ta rufe bakinta ga abinci, sai kurɓin ruwa. Wuyanta ya koma kamar karan dawa. Lirwanu ya san in ba a kawo mata amsa ba, kafin kaka zai rasa ta ita ma.

Rumfar cajin tana gindin tudun nan da ake samun sabis. Mai ita, Sanda, dattijo ne mai surutu, ya yi zaman Gusau, yana karanta Turanci.

"Ga matacciyarka ta tashi," in ji Sanda, yana miƙo wayar. Sai ya ciji leɓe. "Kai, bakina. Yi haƙuri, ɗana."

Lirwanu bai ji komai ba. Ya buɗe manhajar waƙoƙi ya tura masa.

"Kawu, dibi min wanga abu. Waƙa ɗari shida na ciki. Na danna ta cakuɗa su, ta kawo duk wadda ta ga dama. Amma guda ɗai take kawo min. In na tsallake, ta sa wata, sai ta dawo da ita."

Sanda ya yi dariya. "Kai ka ɗauka ƙuri'a take jefawa? Munahika ce. Tana laɓe tana kallon abin da anka hi saurare, shi take maido maka. Kamar matata. Sau guda na yabi miyar kuka, shekara bakwai ina shan ta."

"Ni ba ni son waƙar. Ban taɓa kai ta ƙarshe ba."

Sanda ya kunna. Ga ta kuwa, amon garaya a farko, sannan muryar wata mace can ƙasa-ƙasa. Ya shiga lalube da babban yatsa yana gyara tabarau. Dariyar ta bar fuskarsa a hankali.

"Ku nawa ne kan akawunt ɗin ga?"

"Ni da Yaya Jamilu. In ya kunna tashi, tawa ta tsaya. Mun sha hwaɗa a kai."

"An saurari waƙar ga sau dubu da ɗari huɗu." Sanda ya rage murya. "Cikin kwana sha tara."

Garayar ta yanke.

Wani rubutu ya fito a fuskar wayar. Karatun Lirwanu bai wuce aji biyu na sakandare ba, amma wannan rubutun ya san shi kamar sunansa. Shi ke haɗa su faɗa. Ana saurare a wata waya. A ƙasansa, ga sunan Jamilu.

"Babu wayar da ke kwana sha tara ba caji," in ji Sanda, da raɗa. "Kuma babu sabis ƙarƙashin ƙasa. Bari in cire ta daga akawunt ɗin. Yanzu."

Lirwanu ya zare wayarsa daga hannun dattijon, ya juya.

"Ina za ka? Lirwanu! Magariba ta kawo jiki! Masu wurin na hitowa yanzu!"

Kowane mai haƙa ya san wannan. Zinare yana da masu shi, kuma ba mutane ba ne. Da rana sukan kau da kai a ɗiba. Da almuru kuwa wurin nasu ne, ko fito ba a yi a can. Lirwanu ya sani. Ƙafafunsa dai suka ci gaba da tafiya.

Hanyar ta ratsa ta cikin gero, ya fi shi tsawo. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da hayaƙin wata ruga can nesa. Shanu sun riga sun wuce, sai sawunsu cike da ruwa. Kwaɗi na ta kuka a fadama. Ya duba waya. Sabis ya ɗauke tun bayan tudu, amma ɗan layin nan mai nuna tafiyar waƙa yana matsawa. Ya kai ƙarshe. Ya koma farko.

Da ya fita daga gonaki, kwaɗin suka yi shiru gaba ɗaya.

Ramuka ne birjik, da tsibin jar ƙasa a bakin kowanne. Babu kowa. Nasu ya lotsa ya zama kamar ƙwarya, ruwa kwance a tsakiya. Turken na nan. Igiyar na nan a ɗaure, ɗaurin hannunsa, ɗaya bakin ya shige cikin ƙasa.

Sai ya ji garaya.

Ba daga wayarsa ba. Daga wata tsaga a gefen turken, faɗinta bai fi tafin hannu ba. Sautin a danne, kamar rediyo a ƙarƙashin matashi.

Ya durƙusa. Ya yi zaton warin gawa. Abin da ya fito iska ce mai ɗumi, da ƙamshin sabulun da Jamilu ke wanka da shi.

Waƙar ta tsaya.

"Lirwanu. Ja igiya."

Sai ɗan tari.

Muryar Jamilu ce. Har da yadda yake haɗiye ƙarshen sunan.

"Yaya! Ga ni!" Lirwanu ya kafa baki a tsagar. "Ga ni, Yaya! Ka ji ciwo?"

"Lirwanu. Ja igiya." Tari.

"Kana ta wane gehe? Yi magana!"

"Inna."

"Tana gida. Tana jiranka."

"Lirwanu. Ja igiya." Tari.

Tarin ne ya sanyaya masa jiki. Iri ɗaya. Tsawonsa ɗaya, a wuri ɗaya. Mutum ba ya tari ɗaya sau uku.

Ba amsa masa ake yi ba. Wani abu ne a can ƙasa da ya zauna kusa da Jamilu ranar da ƙasa ta rufe shi, ya ji duk abin da ya faɗa, ya adana. Yanzu yana cakuɗa su yana sakowa, yadda waya ke yi.

Ashe Jamilu ya kira shi. Ashe sunansa ya kira, shi kuwa yana kan tudu yana ɗaga waya sama.

Ya kamata ya gudu. Ya yunƙura ma. Sai wani tunani ya dafa shi ya zaunar. In abin nan ya adana duka, to amsar Inna tana ciki.

Ya gyara durƙuso. Ya jira.

Igiya. Igiya. Inna. Igiya.

Rana ta faɗi. Jar ƙasar ta koma toka-toka.

Igiya. Inna. Igiya. Igiya.

Gwiwoyinsa sun fara nutsewa. Ƙasar ta yi laushi kamar ƙullu. Igiyar da ke gefensa ta motsa, ta miƙe, ta yi tauri. Turken ya yi ƙara.

Can nesa, da ƙyar, ladan ya ɗaga murya. Daga tsagar kuwa, muryar Jamilu ta sake fitowa.

"La'ila..."

Ɗif. Aka yanke.

"Lirwanu. Ja igiya."

Kamar an sa yatsa an tsallake.

"Maido ta," in ji Lirwanu. "Wadda kat tsallake. Maido ta."

Igiya. Igiya. Igiya.

Ƙasa ta kai masa cinya. Wayar ta suɓuce daga hannunsa, ta faɗa tsagar. Ya bi ta da ido. Ta daɗe tana tafiya. Sannan ya ga haske biyu a can ƙasa, kusa da juna. Nasa, da wani.

A kan ɗayan akwai yatsa.

Dogo ne. Gaɓoɓinsa sun yi yawa.

Wani abu ya kama idon sawunsa ta cikin laka. Zafi kamar bakin tukunya. Ya fara ja, a hankali, ba gaggawa.

"Inna."

Ƙasa ta kai masa ƙugu.

"Lirwanu. Ja igiya."

Ya daina jin ladan.

"La'ila..."

Bai bari yatsan ya sauka ba. Ya buɗe baki da duk iskar da ta rage masa.

"...ha illallah! Muhammadur Rasulullah!"

Shiru.

Hasken biyu suka mutu tare.

Riƙon ya sassauta, kaɗan. Ya kama turken da hannu biyu ya fizgo kansa. Takalminsa ya tsaya a can, da fatar idon sawunsa. Ya ja ciki, ya rarrafa, ya tashi ya faɗi. A bayansa ƙasa ta yi wani dogon nishi. Da ya waiga, babu turke, babu igiya, babu tsaga. Ruwa ne kawai ke juyawa.

A bakin gonaki ya ci karo da Sanda, riƙe da tocila, yana haki, yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa. Dattijon ya haska shi daga sama har ƙasa. Ya sa kafaɗa ya tallabe shi har gida.

Inna na zaune a kan tabarma inda ya bar ta, carbi a hannu, kwanon tuwo a rufe a gefe tun rana. Ta dubi lakar da ta kai masa ƙirji. Ta dubi ƙafar da ke jini. Ta san inda ya je.

Ya durƙusa a gabanta.

"Ya samu yi?" ta ce.

"Ya hwara, Inna. Da kunnena na ji. Ni na ƙarasa mishi."

Ta daɗe tana kallonsa. Leɓunanta suka motsa, ba sauti. Sannan ta aje carbin.

"Miƙo min kwanon can."

Loma uku ta ci a ranar. Washegari ta ci biyar.

Ƙafar ta warke, amma ta bar tabo zagaye da idon sawu, kuma wurin ba ya jin taɓi, ko da allura. Lirwanu bai koma haƙa ba. Ya kama noman gonar babansu. Waya kuwa ƙarama ya samu, mai maɓallai, wadda ba ta san komai ba sai kira. In ya shiga kasuwar Anka ya ji an sake kunna waƙar da aka gama yanzu, sai ya canza hanya.

Bayan kaka, wata rana Sanda ya tare shi a hanya, ya ja shi gefe.

"Makiyaya sun bar bi ta wajen ramukan ga," ya ce. "Sun ce da magariba suna jin magana."

"Ta Yaya?"

"Murya biyu." Sanda ya kau da ido. "Guda ta ce a ja igiya. Gudar ta ce, Yaya, ga ni."

Lirwanu ya tsaya. Ya nemi tsoro a cikinsa, bai samu da yawa ba.

"Inna ta ji?"

"A'a."

"To kada ta ji."

Ya gyara riƙon ƙwaryar nonon da Inna ta aike shi saye, ya wuce gida. Ta ce yau fura take marmari.