Hoton Da Auta Ya Ƙi Karɓa

Akwai wata yarinya 'yar aji shida. Tana da ƙoƙari, amma akwai ta da gaggawa. Kafin a gama yi mata bayani ta riga ta ce, "Na gane." Shi ya sa kakarta take kiran ta 'Yar Sauri.

Mamarta ma'aikaciyar jinya ce. Wata rana aka tura ta kwas wani gari mai nisa, kuma za ta daɗe ba ta dawo ba. Kowa a gidan ya daure, ban da Auta, ƙanin yarinyar. Bai daɗe da fara magana ba. Ba ya yarda ya ci abinci sai yana ganin Mama.

"A wanke masa hotona babba," in ji Mama. "In za a ba shi abinci, a ajiye a gabansa. Ko ya samu ya ci."

Ranar tafiyar aka tashi da ruwan sama. Falo ya yi duhu, sai aka kunna ƙwan lantarki mai hasken rawaya. Kawu, ƙanin Mama, mai shagon hoto ne. Shi ya ɗauki hoton a gurguje, direba yana ta danna hon a waje. Mama ta yi murmushi cikin farar rigarta ta aiki, ta rungumi yaran, ta tafi.

Tun daga ranar Auta ya ɗaure fuska. In Kaka ta kawo cokali, sai ya kau da kai.

Washegari da aka tashi daga makaranta, yarinyar ta wuce shagon Kawu. Ya buɗe mata hoton a kwamfuta. Ai kuwa hoton bai yi kyau ba. Bango rawaya, riga rawaya, fuskar Mama ta yi duhu kamar tana cikin hayaƙi.

"Hasken ɗakin ne ya ɓata shi," in ji Kawu. "Akwai yadda ake gyarawa. Da farko za ki nemi..."

"Na gane, Kawu! Na sha ganin kana yi."

"To, jira ni dai. Zan kai wa wani mutum hotunansa in dawo."

Ina fa jira! Kawu yana fita ta kama linzamin kwamfuta. Ta ƙara haske kaɗan, fuskar ta fito. Sai ta tuna hotunan da ƙawayenta suke nunawa a aji. Kullum suna cewa wadda ta fi fari ita ta fi kyau.

"Bari in sa Mamata ta fi ta kowa," ta ce a ranta.

Ta ƙara haske, ta sake ƙarawa. Fuskar ta yi fari fat. Ɗan tabon da ke haɓar Mama ya ɓace. Yarinyar ta ji daɗi ƙwarai. Ta buga hoton a babbar takarda, ta sheƙa gida da gudu.

Ta tarar da Kaka a kan tabarma, riƙe da kwano, tana lallashin Auta.

"Auta, zo ka ga Mama!"

Auta ya taso da sauri har yana tuntuɓe. Ya kalli hoton. Ya daɗe yana kallo.

"Ba Mama ba," ya ce. Ya ture hoton, ya fashe da kuka.

Kaka ta ɗauki hoton, ta gyara tabarau. "'Yar Sauri, wace baƙuwa kika kawo mana? Ni dai na san 'yar da na haifa. Wannan ban taɓa ganin ta ba."

"Gyara ta na yi, Kaka. Don ta yi kyau."

"Au, da can ba ta da kyau ne?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Kunya ta kama ta, tausayin Auta kuma ya cika mata zuciya. Ga abinci ya huce, ga Mama ta yi nisa, babu halin sake wani hoton.

Ta koma shagon jiki a sanyaye. Ta miƙa wa Kawu hoton, ta gaya masa duk abin da ya faru.

"Ka yi haƙuri, Kawu. Na ɓata hoton Mama."

Kawu bai yi faɗa ba. "Na ajiye na asali a kyamara," ya ce. "Zauna. Amma yau sai na kai ƙarshen maganata."

"To, Kawu."

Ya sake buɗe hoton. "Me kika san fari ne a cikin hoton nan?"

"Rigar aikin Mama."

"Yanzu wane launi take?"

"Rawaya."

"To kin ga mai laifin. Ba fatar Mama ba ce, ƙwan lantarki ne. Ki bar fuskar, ki kalli rigar. Rage rawayar a hankali har rigar ta koma fara."

Ta ja linzamin sannu a hankali. Bangon ya washe. Rigar ta koma fara tas. Abin mamaki, sai ga fuskar Mama ta fito da kanta, baƙa mai sheƙi, da tabonta da wushiryarta.

"Kawu, ta yaya zan san na kai daidai?"

Kawu ya buɗe labulen taga, hasken rana ya shigo. "Kawo hannunki kusa da allon."

Ta ɗora hannunta gefen fuskar Mama. Launin ɗaya ne, babu bambanci.

"Kin gani? Ke ce ma'aunin. Fatarki irin tata ce."

Yarinyar ta ƙura wa hannunta ido. Ba ta taɓa lura cewa yana da kyau haka ba.

Suka buga hoton. Wannan karon a hankali ta taka zuwa gida, tana riƙe da shi da hannu biyu. Ta durƙusa a gaban Auta, ta juyo masa da shi.

Auta ya share hawaye. Ya sa ɗan yatsa a kan tabon haɓar.

"Mama!" ya ce. Ya manna kumatunsa a jikin takardar.

Kaka ta yi maza ta miƙo cokali. Auta ya buɗe baki. Bai tsaya ba sai da ya suɗe kwanon.

Da yamma Mama ta kira waya. Yarinyar ba ta ɓoye komai ba.

"Me kika koya?" Mama ta tambaye ta tana dariya.

"Na koyi in riƙa jin magana har ƙarshe. Kuma in hoto ya ɓaci, haske ake gyarawa, ba mutum ba. Launin da Allah ya ba kowa shi ne kyansa."

"Madalla da 'yata," in ji Mama. "Ba ni Auta."

Auta bai karɓi wayar ba. Hannuwansa biyu suna riƙe da Mama.