Manomi da Allurar Kafireta

A wani ƙauye an yi wani manomi da ya gaji tsohuwar akori-kura. Ranar da tumatirinsa ya nuna zai kai kasuwa, motar ta ƙi tashi. Bai taɓa gyaran mota ba, amma ya ciro kafireta, ya kwance, ya wanke da fetur, ya ɗaura. Sai ga wata 'yar allura ta rage a faifan da ya zuba kayan.

Maƙwabcinsa ya ce, "Malam, jefar da ita. Tumatirinka zai ruɓe."

Manomi ya ce, "Wanda ya ƙera motar bai sa ta don ado ba."

Ya sake kwancewa, ya sake ɗaurawa. A karo na uku faifai ya koma wayam. Bugu ɗaya mota ta tashi.

Maƙwabcin ya matso. "Malam, akwai wurin kwando biyu?"