Kiɗan Wayar Mufida

Ranar Talata ce, kasuwar Mafara ta cika ta batse, amma Mas'ud mai gyaran waya bai san ana yi ba. Ya ture wayoyin mutane gefe guda, yana fama da wani tsohon gem mai kaset da ya samo a Gusau, irin wanda yara suka yi yayi shekara ashirin da suka wuce. Ya jona shi da ƙaramar talabijin, ya kunna, ya kashe, ya sake kunnawa. Ba abin da ke fitowa sai zane-zane.

"Malam, ka cire kaset ɗin ka hura shi mana."

Ya ɗago kai. Wata budurwa ce tsaye cikin hijabi ruwan toka, riƙe da waya mai fasasshen gilashi. Gem ɗin take kallo, ba shi ba. Ya cire kaset ɗin, ya hura sau biyu, ya mayar. Nan take siririn kiɗan nan ya cika rumfar, tilin-tilin-tilin, ita kuwa ta rufe baki tana dariya.

"Ina kinka san wanga sirri?" ya tambaye ta.

"Yayyena huɗu, duk maza. Ai da wanga kiɗi anka yaye ni."

Sunanta Mufida, daga Bakura, tana karatu a makarantar Foli ta nan Mafara. Gyaran gilashin na minti goma ne, amma sai da ya ci awa guda, don Mas'ud ya miƙa mata abin dannawa na biyu. A tsaye ta lallasa shi sau uku, hijabinta ko motsi bai yi ba. Barau, maƙwabcin rumfarsa mai tura waƙoƙi a memori, ya yi dariya har da riƙe ciki. Mas'ud bai taɓa jin daɗin shan kaye irin na ranar ba.

Daga nan waya ta soma aiki. Shi yana ce mata Gwanata, ita tana ce masa Mai Kaset. Sukan yi hirar zamanin da ake zaman jiran wuta don a kunna gem, da yadda uwa ke taɓa bayan talabijin ta ji ko da zafi, ta gane an yi wasa maimakon tilawa.

Sati uku Mas'ud ya yi a gaban kwamfutarsa yana harhaɗa sautukan tsofaffin gem, har ya fitar da wani ɗan kiɗa nasa na kansa. Ya tura mata haɗe da saƙo:

"Gwanata, ga naki. Ba wayar da za ta yi wanga kuka a duniya sai taki. Kuma na yi alkawari ba ni ƙara haɗa wa kowa kiɗi sai da izininki."

Ta amsa: "Mai Kaset, ka cuce ni. Yanzu in an kira ni ba ni son ɗauka, sai ya ƙare."

Da magana ta yi ƙarfi, mahaifiyarta ta kai wa mahaifinta, Alhaji Nagode, batun. Alhaji falken shanu ne, mutum mai magana ɗaya. Ko ganin yaron bai yarda ya yi ba. Cewa ya yi ƙaton da ke zaune yana danne-dannen wasan yara ba ya riƙe gida, kada ma ya ɓata takalminsa zuwa Bakura. Mufida ta yi kuka, Mas'ud ya lallashe ta, suka ce za su bi a hankali.

Ba su gama da wannan ba wata ta taso. Mufida ta je bikin ƙawarta a Maradun, ana tsakiyar cin shinkafa sai ta ji kiɗanta. Ta laluba jaka, wayarta shiru. Daga hannun Taibatu kukan ke fitowa, 'yar gwaggon Mas'ud, wadda kowa a dangi ya san ta daɗe da sa masa ido. Taibatu kuwa ta bar wayar ta yi ta kuka har ta gaji, sannan ta dubi Mufida ta ce, "Daga Mafara na samo shi. Ai kin san wurin."

Kafin la'asar saƙo ya iso wa Mas'ud:

"Ashe mu nawa ne? Na ji kiɗana a wayar Taibatu. Ina can ina faɗa da gidanmu a kanka, kai kana nan kana rabo. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Hankalinsa ya tashi. Ya kira, a kashe. Yana zaune ya dafe kai sai wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a bakin rumfa, aljihunsa na tilin-tilin. Mas'ud ya juya a hankali ya dubi maƙwabcinsa.

"Barau, ran da ka ari kwamfutata, mi ka kwasa?"

"Duk abin da ni gani mai sauti," in ji Barau, ko a jikinsa. "Wallahi ƙaramin nan ya fi kowane tafiya. Masu albasar Bakolori ma shi suka tambaya."

Haka ɗabi'ar masu turi take, in sun ga sauti sai sun zuba wa kowa. Barau ya ba da haƙuri da ya ji labari, amma kiɗa ya riga ya bazu garuruwa uku. Mas'ud ya rubuta wa Mufida gaskiyar abin da ya faru tun daga farko. Ta karanta, ba ta ce komai ba. Kwana tara ya yi a haka, ga uba ya ƙi, ga yarinya ta yi fushi, kuma duk inda ya juya a garin sai ya ji kiɗan na yi masa gwalo. Gem ɗin ma ya lulluɓe shi da tsumma.

Talatar da ta zagayo, wajen azahar, wani dattijo mai babbar riga da sanda ya tsaya a rumfar. Daga gani daga kara yake, kasuwar shanu. Suka gaisa doguwar gaisuwa, gida da iyali da kasuwa da gajiya, sannan dattijon ya ciro ƙaramar wayarsa.

"Yaro, an ce kai ka haɗa kukan da ke cikin wagga waya. To, ya yi mani daɗi, don shi kaɗai nike ji cikin hayaniyar kara. Amma yanzu dillalai duk sun saka. In ya tashi, mu goma muke kai hannu aljihu. Jiya saboda shi na saki igiyar bijimi, ashe ba ni anka kira ba. Haɗa mani nawa ni kaɗai."

Duk da halin da yake ciki sai da Mas'ud ya murmusa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Komi ka kawo na gyara zan yi maka, amma wanga ba ni iyawa."

"Ka iya na farko, na biyu ya gagare ka?"

"Ba gagara ba ce. Wata na yi wa alkawari biyu. Na farko ya karye ba da sanina ba, har ta daina yi mani magana. Na biyu shi ya rage a hannuna, ba ni haɗa wa kowa sai ta yarda."

"Kai da ka ce ta daina kula ka? Wa zai gaya mata?"

"Ko ba ta ji ba, ni na sani, Baba."

Dattijon ya ƙura masa ido. Ya kalli wayoyin da aka jera kowace da sunan mai ita, ya kalli tsumman da ya rufe gem. Can ya ce, "Ɗiyar wa ce?"

"Mufida sunanta. Ɗiyar Alhaji Nagode ta Bakura."

"To, ni ne Nagode."

Mas'ud bai san lokacin da ya sauko daga kujera ya durƙusa ba. Alhaji ya mayar da wayarsa aljihu, ya gyara riƙon sanda.

"Shekara talatin ina ciniki da baki, ba takarda. Na san mai riƙe magana in na gan shi. Ka turo manyanka ran Juma'a."

Bayan la'asar wayar Mas'ud ta yi ƙara. Ya buɗe, sai ga saƙon Mufida.

"Mai Kaset, Baba ya dawo ya ba mu labari, Inna har da hawaye don dariya. Ka yafe mani. Tun kwana uku na ji kiɗan a wayar mai kifi na gane gaskiya ka faɗa, kunya ta hana ni magana."

Ya amsa: "Gwanata, kin kusa kashe ni. Baba fa ya ce in haɗa masa, mi kinka ce?"

"Na yarda. Amma kada ya kai nawa daɗi."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Nagode a Bakura. Mutanen Mafara suka cika mota uku, na Maradun ma suka zo, har Taibatu, wadda ta ci kunyarta ta kama aiki a cikin gida. Yayyen amarya huɗu suka kewaye ango suna rantsuwa sai sun rama masa kayen da ƙanwarsu ta ba shi.

Da aka shafa fatiha, Alhaji ya kamo hannun Mas'ud ya ja shi gefe. Muryarsa ta ɗan yi rauni, abin da ba a saba ji ba.

"Ita kaɗai ce mace a cikin ɗiyana. Ba ni ce ka yi mani wani dogon alkawari ba. Ɗaya nike so, ka riƙe ta da mutunci."

Idon Mas'ud ya cika da ƙwalla. Ya ce, "Na ɗauka, Baba."

Alhaji ya gyaɗa kai, ya dafa kafaɗarsa. "Shi ke nan, na ji daga bakinka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

Jama'ar da ke kusa suka amsa da amin.