Hannu a Kan Giya

Tsakar dare numfashin 'yata ya fara sarƙewa, asibiti kuma yana can ƙasan gangara. Mijina ba ya gari, ni kuwa ban gama sabawa da motarsa ba, amma dole ta sa na kwantar da yarinyar a baya na ja. A kan tudu wani dattijo ya ɗaga hannu. Tsoron kaɗaici ya sa na tsaya, ya zauna kusa da ni. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika motar.

Muna shiga gangara na taka birki, ƙafata ta nutse kamar na taka auduga. A ruɗe na danne kuloci, motar ta ƙara wuta.

"Wayyo Baba, birki ya ƙi! 'Yata!"

"Koma giya ta uku, 'yar nan," in ji shi, muryarsa kamar daga cikin rijiya. "Saki kulocin a hankali, inji zai riƙe ta."

Ya ɗora hannunsa mai sanyin ƙanƙara a kan nawa, muka ja giyar tare. Inji ya yi gurnani. Muka koma ta biyu, na dinga jan birkin hannu kaɗan-kaɗan har muka tsaya daf da gada.

Ina kuka ina godiya, ya ce nan zai sauka. Na miƙa ɗaya hannun in buɗe masa, sai na taɓo wayar da mijina ya ɗaure ƙofar da ita tun bara. Ƙullin yana nan daram, har ya yi tsatsa.

Shi kuwa bai saki hannuna ba.