Ruwan Zafin Da Na Watsa A Kwatar Sharaɗa

Awo ne ya mayar da ni masana'anta da magaribar wata Talata, cikin shekarar 2004. A Sharaɗa muke, muna yin ƙwayoyin roba masu tace ruwa, ƙanana kamar gero, muna sayar wa masaƙu. Ni ban taɓa ganin ƙofar jami'a ba, da ido da kunne na koya, amma duk gidan ba wanda ya fi ni sanin halin ƙwayar nan. Ka auna cokali guda a kwalba mai zane, ka zuba mata tina, ruwan nan na tsinka fenti, ko sipirit ko ruwa, ka dawo bayan kwana ɗaya cif ka ga inda kumburinta ya kai.

Ran Litinin kuwa na yi aika-aika. A tafasasshen ruwa ake dama ƙwayar, kuma dokar gidan ita ce a bar ruwan ya huce a durum sai da safe. Ranar manaja ya ci min mutunci, zuciya ta ɗebe ni, na kinkimi bokiti na nufi kwatar baya. Malam Nuhu, dattijon da ke kula da tukunya, ya riƙe min hannu.

"Haba Uwaisu, ruwan zafi da magariba? Ko bisimilla ba ka yi ba. Wurin nan da masu shi."

"In nasu ne su kawo takardar fili," na ce, na watsa.

Kwatar ta yi wata ƙara, kamar jaririn da aka toshe wa baki. Na ce ɓera ne.

To ran Talatar ga ni ni kaɗai a ɗakin awo, kowa ya tafi salla, NEPA sun ɗauke wuta. Na haska tocila. A ƙa'ida, ƙwayar da ke cikin tina ba ta wuce zane na uku. Na tarar ta cika kwalba. Ta sipirit ma haka. Sai na haska ta ƙarshe, wadda ban zuba wa komai ba.

Tana hawa. A gaban idona.

Ƙas. Kwalba ta tsage. Ƙas, wata. Ƙwayoyi suka tarwatse a siminti, suna gangarowa wajen ƙafata. Warin tina ya ɗauke. Ƙaurin dafaffen nama ya cika ɗakin.

Ɗis. Ɗis.

Mace ce a bakin ƙofa, kanta na taɓa rufi. Baƙin ruwan kwata na zuba daga zaninta. Ta rungume wani abu cikin tsumma. Tsumman na tururi.

"Wa ya dafa min ɗa?"

A hankali ta faɗa, amma a cikin kunnena na ji.

Ta matso. Sanyi ya kama min haƙora.

"Nuhu ne," na ce. "Shi ne mai tukunya."

Wallahi ban yi shawara ba. Bakin ne ya riga ni.

"Nuhu," ta maimaita, kamar mai hadda.

Ta juya. Na faɗa ta taga, gilashi ya yanke ni, ban tsaya ba sai bakin titi.

Ran Juma'a ƙafafun Malam Nuhu suka kumbura. Sai ciki, sai fuska, har sai da aka yanke masa zobe. Asibiti suka ce ƙoda ce. Na bar aikin, amma kullum ina gidansa a Na'ibawa, matarsa Ladidi na ta sa min albarka.

Wata la'asar ya jawo ni kusa.

"Uwaisu, wata mata na zuwa min. Kullum in ce mata ba ni ba ne. Sai ta ce, to wane ne?"

"Me kuka ce mata, Malam?"

"Me zan ce? Yaranka ƙanana ne."

Ya rufe ido. Ni mai bakin nan, sai na gyara masa mayafi na fita.

Bayan sati biyu ya rasu. Ni aka ba wankansa, wai ni ne amininsa.