Tulun Ranar Baiko

Ranar da Tanios ya kawo baƙi masu yawon buɗe ido gonar inabin Abu Wadih a bakin kogin Litani, ranar ya fara ganin Salma. Shi direba ne. Aikinsa ya hau da mutane tsohuwar fadar dutsen da ke kan tudu su ɗauki hoto, sannan ya sauko da su kwari su ɗanɗana giya. Salma, 'yar mai gonar, ita ke zubawa. Ta miƙo masa kofi.

"Tuƙi nake," ya ce.

"To me ya sa ka miƙo hannu?"

Ya yi sauri ya janye hannun.

Daga ranar, duk baƙon da ya shiga motarsa sai ya ga gonar nan, ko yana so ko ba ya so. Amma Abu Wadih ya riga ya faɗa: direba ba zai auri 'yarsa ba, ga Ghassan likitan haƙori yana zuwa duk Lahadi.

Wata Asabar baƙi suka yi yawa, Salma ta aike shi ɗakin ƙasa ya ƙaro giya. Ya hango wani tulu a lungu, baki toshe da kakin zuma. Ya ce wannan zai fi daɗi. Ya fasa, ya hau da shi, ya zuzzuba wa baƙi.

Wata tsohuwar maƙwabciya ta ga tulun, sai ta rangaɗa guɗa, ta kama kansa ta sumbata. A hanya mahauci ya ɗaga masa hannu. Ghassan ya wuce shi ko gaisuwa babu. Tanios ya tsaya ya tura wa Salma saƙo:

"Zuciyata, me na yi? Yanzu mai sayar da fetur ya rungume ni."

"Tulun da ka fasa, ranar da aka haife ni Baba ya rufe shi. Ba a buɗewa sai ranar baikona. Duk gari sun ɗauka an ba ka ni."

"Na shiga uku. Baba fa?"

"Yana zaune gaban tulun."

Da safe ya je wurin Abu Wadih.

"Shekara ashirin da huɗu ina jira," in ji Abu Wadih, "ka ɗura wa Jamusawa masu gajeren wando!"

"Kawu, zan bi gida gida in ce kuskure ne."

"Baikon 'yata ne kuskure?"

"A'a, Kawu."

"Ashe da gangan ka yi."

"A'a... eh... wallahi ban sani ba."

"Uwar Ghassan ta bugo waya sun janye. Yanzu wa zan ba?"

Salma ta ajiye faranti. "Baba, tun yana kan matakala na gane tulun. Da na so hana shi zubawa, da na hana."

Tsohon ya kalle ta. Ya juyo kan Tanios.

"Kai, ka iya datse reshen inabi?"

"A'a, Kawu."

"Za ka koya. Ka kawo min babanka Lahadi mai zuwa."

Bayan girbi aka ɗaura auren a cocin ƙauyen. Abu Wadih ya dafa kawunansu.

"Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku 'ya'ya masu albarka. Tashi ka riƙe ta mana, me kake kallona?"